BAƘON FADAMA: ƊAN TSUNTSUN DA YA KAMATA MU BAR WA MASAUKI

 A wannan shafi an saba jin maganar jarrabawa, da ladabi, da wasanni. Bana kuwa mun zaɓi mu yi maganar wani ɗan tsuntsu wanda nauyinsa bai wuce na goro ɗaya ba, wanda yawancinmu muka sha wuce shi a bakin gulbi ba mu ko waiwaya ba.

Ra'ayinmu shi ne, ya kamata mu mutanen Tudun Wada da na Gusau baki ɗaya, har da 'yan'uwanmu na Bungudu da Tsafe, mu daina ƙone ciyawar bakin ruwa ƙurmus, mu daina zuba mata guba, yaranmu kuma su daina gwada danƙo a kan kowane abu mai fiffike. Za mu kawo dalilanmu, sa'an nan mu saurari waɗanda suke ganin wannan magana ɓata takarda ce, gama su ma suna da abin faɗi.

WANE NE WANNAN BAƘO?

Daga wajen watan Oktoba, idan ruwa ya ɗauke ana jiran dawa ta nuna, fadamun arewacin Nijeriya sukan cika da waɗansu ƙananan tsuntsaye waɗanda ba a gan su da damina ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda muke magana a kansa. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya kamar santimita 13 ne, nauyinsa kuma kamar giram 12. Bayansa ruwan ƙasa ne mai zanen baƙi, cikinsa fari-fari, yana kuma da wani farin layi a bisa ido kamar an ja masa da alli. Bakinsa siriri ne kamar tsinke. Ba ya son sarari. A cikin burugu da aya-aya da sauran ciyayin bakin ruwa yake kutsawa, yana tsintar ƙwari da gizo-gizo da tsutsa. Turawan Ingila suna kiransa sedge warbler, masana kimiyya kuma Acrocephalus schoenobaenus. Mu a nan bari mu kira shi mawaƙin fadama, domin in ya buɗe baki yakan yi ta jero kuka iri-iri ba tsayawa, kamar maroƙin da ya hango mai kyauta, yana cuɗa nasa da na waɗansu tsuntsayen da ya kwaikwaya.

Ba a ƙasarmu ake ƙyanƙyashe shi ba. Sheƙarsa tana can Turai, a fadamun Ingila da Holan da Jamus da Folan har zuwa Rasha, da yawa kuma a dausayin bakin teku inda koguna suke ƙarewa. Idan sanyin ƙasarsu ya gabato ƙwari za su ɓace, sai ya kama hanyar Afirka. Kafin ya tashi, yakan sauka a cikin ciyayin bakin teku na kudancin Ingila da arewacin Faransa, ya yi ta cin waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsotson ganye, irin waɗanda suke kama mana wake, har waɗansu su ninka nauyinsu. Wannan kitse shi ne guzurinsa. Da shi zai tashi da dare, ya haye Bahar Rum, ya haye hamadar Sahara wadda faɗinta ya fi kilomita 1,500, inda babu inuwa, babu ruwa, babu abin ci. Masu ƙididdiga sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne suke yin irin wannan tafiya daga Turai zuwa Afirka kowace shekara.

Wanda ya tsira, wurin da zai fara samun ɗanyar ciyawa da ruwa shi ne fadamun ƙasashenmu: bakin Kogin Sanagal, da fadamar Kogin Kwara a Mali, da Gulbin Sakkwato da na Rima, da Haɗeja da Nguru, da Tafkin Cadi. Idan watan Maris ko Afrilu ya zo, tilas ya sake tara kitse kafin ya koma, kuma a wurinmu zai tara shi, a daidai lokacin da rani ya fi tsanani. Tun a ƙarshen shekarun 1960 masana suka zauna a Malamfatori a bakin Tafkin Cadi suna kama irin waɗannan tsuntsaye suna auna su, suka ga yadda nauyinsu yake hawa kafin tashi. Wanda bai sami fadama mai ƙwari ba, ba zai kai wancan gefen hamada ba.

Ku lura da lissafin. Wata shida yake yi tare da mu, a ƙasar haihuwarsa kuwa kamar wata huɗu, sauran yana kan hanya. Muna ce masa baƙo, amma a gaskiya ya fi daɗewa a gidanmu.

YADDA AKA ƘIRGA FARINMU A INGILA

A Ingila akwai mutane masu yawa, malaman makaranta da ɗalibai da tsofaffin ma'aikata, waɗanda suke ƙirga tsuntsayen unguwarsu kowace shekara ba don albashi ba, su rubuta su aika wa cibiya ɗaya. A bazarar 1969 sai suka ga abin mamaki. Wani ɗan'uwan mawaƙin fadama mai farin maƙogwaro, wanda a da yake cike da shingayen gonakinsu, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai dawo ba. Suka duba gonakinsu ba su ga abin da ya sauya ba. Sai daga baya aka gane cewa ruwan sama ne ya gaza a ƙasashenmu na bakin hamada a daminar 1968, tsuntsayen suka mutu a nan. Wato tsuntsu ya kai labarin farin kafin duniya ta farga da shi, gama sai a 1972 da 1973 yunwa ta bayyana a fili, dabbobi suka faɗi, mutane suka bar garuruwansu.

Haka aka sake yi a farin 1983 da 1984, wanda iyayenmu da yawa ba su manta ba. Mawaƙin fadama ya ragu ƙwarai a Turai a waɗannan shekaru. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna cewa yawan waɗanda suke komawa can da rai yana hawa yana sauka tare da yawan ruwan saman da aka samu a Afirka ta Yamma. Idan gulbinmu ya cika ya malala, tsuntsun yana yawa a Ingila a bazara mai zuwa. Idan fadamarmu ta bushe, nasu dausayin ya yi tsit.

Abin da muke so ɗalibanmu su ɗauka a nan shi ne, wannan ɗan tsuntsu ma'auni ne. Ruwan da yake rayar da shi, shi ne yake rayar da shinkafarmu da kifinmu da shanunmu. Duk ranar da ya rasa wurin sauka a bakin gulbi, ba shi kaɗai ya yi hasara ba.

ABIN DA YAKE CIN FADAMARMU

Fari daga sama yake zuwa, ba mu da iko a kansa. Amma akwai abin da hannunmu yake yi, wanda ko an yi damina mai albarka yana hana fadama zama fadama.

Na farko shi ne tare ruwa. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, ta kawo noman rani, kamar yadda madatsar Gusau take shayar da garinmu. Ba mu raina wannan ba. Amma ambaliyar da ta saba malala kowace shekara a ƙasan Bakolori ta ragu, manoman shinkafa da masunta na can suka ji a jikinsu, ban da rikicin diyyar gonaki na 1980 wanda ya ci rayukan manoma. A gabas kuwa, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar ruwan Haɗeja da Nguru, har ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe su, ta zama mafakar jan-baki. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya rage ɗan kaɗan a shekarun 1980, saboda fari da kuma ɗibar ruwa.

Waɗannan manyan ayyuka ne, na gwamnati. Akwai kuma ƙananan da muke yi da kanmu, waɗanda in an tara su suna yin ɓarna irin ta manyan. Da kaka ta wuce, sai yara masu farautar gafiya su cinna wa ciyawar bakin ruwa wuta, a ƙone eka guda saboda ɓera ɗaya. Masu ɗibar yashi da masu bulo suna yanke gaɓar gulbi har ta zube. Mai lambu ya gama feshi, sai ya wanke tankinsa a cikin ruwan da maƙwabcinsa zai ɗiba. Har yanzu akwai masu zuba maganin ƙwari a kududdufi domin su kwashe kifi, su bar ruwan babu ko talibambam. Ledar da muke zubarwa a kwata, damina takan kwashe ta ta jibge a fadama. Gari kuma yana ta faɗi, ana yanka filin gini a inda kakanninmu suka san hanyar ruwa ce.

Alhali fadama kamar soso take. Da damina takan shanye ruwan da zai shiga gidaje, da rani kuma ta riƙa sakinsa a hankali cikin rijiyoyi. Saiwar ciyawa ce take riƙe gaɓa. Ranar da madatsar Gusau ta fashe a watan Satumba na 2006 bayan ruwa mai ƙarfi, ta ci gidaje da gonaki da rayuka, kowa ya ga cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Ciyawar da muke ƙonewa tana cikin abin da yake tsakaninmu da shi.

DARASI DAGA AMURKA

Wani zai ce tsuntsu ba ya ƙarewa. Bari mu ba da labarin wani ɗan'uwan wannan tsuntsu a wajen zama. A jihar Fulorida ta Amurka an yi wata 'yar gwara mai duhun launi, wadda ba ta zama ko'ina a duniya sai a dausayin bakin teku na tsibirin Merritt da bakin Kogin St. Johns. A wannan tsibiri ne aka gina tashar da aka harba kumbon da ya kai mutum wata a 1969. Sauro ya dami mazauna wurin, sai aka yi ta fesa DDT, daga baya aka gina ganuwar ƙasa aka cika dausayin da ruwa domin sauro ya rasa wurin ƙwai. Ruwan ya shanye ciyawar da gwarar take sheƙa a ciki. Ɗaya ɓangaren kuma aka janye ruwansa domin hanyar mota da kiwo, gobara ta cinye sauran. Da aka farga, shida kaɗai suka rage, dukansu maza. Na ƙarshensu ya mutu a cikin keji ran 17 ga Yuni, 1987.

Ku dubi wannan al'amari. Ƙasa mai arzikin da ya kai ta wata, da masana da kuɗi, ta kasa mayar da 'yar gwara ɗaya. Babu wanda ya yi niyyar kashe ta. Kowa yana neman abin da yake da amfani ne, wannan maganin sauro, wancan hanya, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi wa yake zaune a cikin ciyawar.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A tambayi dattawa yaushe rabonsu da ganin gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasar Nijeriya, wanda a da yake yawo garke-garke a fadamun arewa. A tambaye su ina ungulayen da suke cika mahauta. A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta gari a cikin jerin halittun da suke bakin ƙarewa a duniya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mawaƙin fadama yana da sauran yawa a duniya, shi ya sa yanzu ne lokacin magana, tun rigakafi yana da amfani.

AMSA GA MANOMI

Iyayenmu manoma za su ce: Malam, kai da kake cin albashi kana iya yabon tsuntsu, mu da muke kwana a gona muna kaɗa gwangwani mun san abin da tsuntsu yake yi. Wannan magana gaskiya ce. Jan-baki annoba ne. Masana sun ce babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, kuma garke ɗaya yana iya share gonar gero ko shinkafa cikin 'yan kwanaki. Ba mu ce manomi ya naɗe hannu ba.

Roƙonmu shi ne a duba baki kafin a yanke hukunci. Tsuntsu mai cin hatsi bakinsa gajere ne mai kauri, domin fasa ƙwaya. Mai cin ƙwari bakinsa siriri ne. Mawaƙin fadama ba ya taɓa zangarniya, ƙwarin da suke cin lambu su ne abincinsa, kuma yana cin su daga safe har yamma ba a biya shi ko kwabo ba. Amma gubar da ake fesa wa jan-baki daga jirgin sama ba ta duba baki. Tana kashe mai laifi da marar laifi, har da shaho da mujiya da suka ci gawar. Haka ma wutar da aka cinna wa ciyawa.

Ƙasar Sin ta taɓa gwada share tsuntsu gaba ɗaya. A 1958 gwamnatin Mao ta umarci jama'a su hallaka gwara domin tana cin hatsi. Aka fito da ganguna da tukwane ana kaɗawa har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa ƙwai, aka kashe miliyoyi. Sai fara da tsutsa suka sami sarari. A 1960 gwamnati ta cire gwara daga jerin abokan gaba ta sa kuɗin-cizo a madadinta. Yunwar da aka yi a can daga 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane, tana da dalilai da yawa, amma wannan yana cikinsu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

AMSA GA MAI CEWA BA LOKACINSA BA NE

Akwai magana ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi. Jiharmu ta daɗe tana fama da 'yan bindiga. An tashi ƙauyuka, an bar gonaki, a 2021 an kwashe 'yan mata 'yan makaranta a Jangebe, kuma a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda suka rasa nasu. Mai hankali zai iya tambaya: mutane suna mutuwa, ku kuna maganar tsuntsu?

Ran mutum ya fi na tsuntsu daraja nesa ba kusa ba, babu mai musun wannan. Amma mu tuna abin da ya faru a wannan jiha tamu a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana daka dutsen zinariya a cikin gida, ba a san yana ɗauke da gubar dalma ba. Yara fiye da 400 suka mutu. Da masu bincike suka zo, mutanen ƙauyukan suka gaya musu cewa tun kafin yara su fara ciwo, agwagi suka fara mutuwa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Da an tsaya an tambayi me yake kashe agwagi, watakila da an ceci yara da yawa. Tsuntsu yana shan ruwan da muke sha, jikinsa kuma ƙarami ne, don haka shi yake fara faɗuwa. Lura da shi lura ce da lafiyar 'ya'yanmu.

Har ila yau, fadama ita ce inda manomi da makiyayi suke haɗuwa da rani, wannan yana neman lambu, wancan yana neman mashaya da ɗanyar ciyawa. Idan ta yi faɗi, kowa yana samun nasa. Idan ta ƙanƙance aka toshe burtali, sai a fara hararar juna. Ba mu ce wannan ne kaɗai tushen fitinar da muke ciki ba, amma kowa ya san yana cikin tushen. Ƙasar da take iya saukar da ɗan tsuntsu mai giram 12 ita ce ƙasar da take da sauran abin rabawa tsakanin mutane.

AL'ADAR DA MUKE DA ITA TUN DA

Ba wani sabon abu muke kawowa daga Turai ba. Ku dubi shamuwa. Idan ta iso a bazara ta ɗora sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, babu yaron da zai ɗaga mata danƙo, gama babba zai tsawata masa tun kafin ya ja. Kakanninmu sun san zuwanta albishir ne na damina, sun kuma ga yadda take tsince fara a gona. Ita ma matafiyiya ce, in kaka ta yi takan nufi kudancin Afirka. Abin sha'awa, lokacin da take tafiya shi ne lokacin da mawaƙin fadama yake isowa, lokacin da take dawowa kuma shi yake ban kwana, kamar masu karɓar gadi. Wannan tsari daɗaɗɗe ne, har annabi Irmiya a sura ta 8 ya yi misali da tsuntsaye masu sanin lokacin zuwansu domin ya kunyata mutanen zamaninsa.

Kirista da Musulmi a wannan gari duk sun yarda cewa halitta amana ce a hannun ɗan Adam. Bahaushe kuma ba ya korar baƙo. Abin da muke nema kawai shi ne, kunyar da muke ji wa shamuwa mu ji wa ƙaramin, wanda ba shi da girman da zai sa a gan shi.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ga shawarwarinmu, kuma babu wadda take bukatar kuɗi mai yawa a cikinsu.

1. Duk mai lambu ko gona a bakin ruwa ya bar ciyawa kamar taku goma daga gaɓa, kada ya ƙone ta, kada ya yanke ta ƙarƙaf sai bayan watan Afrilu. Ribar farko tasa ce, domin gaɓarsa ba za ta zube ba.

2. Mai feshi ya wanke tankinsa nesa da gulbi da rijiya, kada kuma a yi amfani da gwangwanin maganin wajen ɗibar ruwa. Kifin da aka kama da guba, kada mu saya. Muna roƙon zumuntar mata su riƙe wannan, gama su ne masu cefane.

3. Iyaye da malaman makarantar Lahadi su koya wa yara bambancin baki mai kauri da siriri. Yaron da zai kori jan-baki daga gonar ubansa aiki yake yi. Wanda yake harbin tsuntsu don gwada hannu, a hana shi.

4. Makarantarmu ta buɗe littafi guda, a riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar da ta tafi, da ranar da aka fara ganin baƙin fadama, da ranar da gulbi ya tsaya da gudu. Mutanen Ingila da irin wannan littafi suka gane farinmu. Bayan shekara ashirin, namu zai zama abin da babu wanda yake da shi a jihar nan. Amma fita bakin ruwa sai tare da malami, da rana, a wurin da yake kusa da gari, bayan an sami izinin shugaban makaranta.

5. Wanda ya tsinci tsuntsu da ɗan zobe na ƙarfe a ƙafa, kada ya jefar, kada kuma ya ji tsoro, ba asiri ba ne. Masu bincike ne suka sa, yana da lamba da adireshi. A kawo wa malamin kimiyya ya rubuta lambar da rana da wurin, a aika musu.

6. Ran 2 ga Fabrairu ita ce ranar fadamu ta duniya, domin tunawa da yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekarar 2000. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya ɗaukar wannan rana ta kwashe leda a magudanan unguwarmu kafin damina ta kai ta fadama.

7. Iyaye masu faɗa a ji su yi magana da masu unguwa da hakimai da ƙananan hukumomin Gusau da Bungudu da Tsafe, a daina yanka filin gini a hanyar ruwa, a kuma keɓe wa masu yashi da bulo wurin da ba zai cinye gaɓa ba.

Ga ɗalibanmu masu fita bana kuma, ku sani wannan fanni ne na karatu. Jami'ar Jos tana da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Laminga, inda matasa daga ƙasashen Afirka ta Yamma suke yin digiri na biyu a kan kiyaye halittu. An yi rubutu mai yawa a kan Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi. Muna fata wata rana ɗan wannan makaranta ne zai rubuta littafin tsuntsayen Gulbin Sakkwato, da sunayensu na Hausa da na Fulatanci kamar yadda ya ji daga bakin masunta da makiyaya.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, a watan Oktoba mai zuwa wannan ɗan tsuntsu zai sake hayo hamada da ɗan sauran kitsensa, ya nufo wurin da ya sami ciyawa bara. Ko zai tarar da ita, ko zai tarar da toka da leda, wannan yana hannun mai lambu, da mai feshi, da yaron da yake riƙe da ashana, wato yana hannunmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, ya kuma sa mu riƙe amanar abin da ya danƙa mana. Amin.